Abin da ramin gwaji ya koya mini game da tsarin ƙasa

Aikinmu shi ne bayyana tsarin ƙasa a ramukan gwaji da aka haƙa a wata gona kusa da Zariya, bisa littafin jagora na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, bugun 2006. Littafin yana so a faɗi siffar dunƙulen ƙasa, da girmansu, da yadda suka fito fili. A takarda abin yana da sauƙi, amma a cikin rami ni da abokin aikina mun saɓa a kan shimfiɗa guda daga cikin shimfiɗun ƙasa da ake gani a bangon ramin. Shi ya duba ta cikin rani ta bushe ƙarau, ya rubuta cewa curi ɗaya ce marar tsari. Ni kuwa na duba ta bayan ruwan farko, na ga tana rabuwa zuwa ƙananan dunƙule masu kusurwa.

Daga baya na fahimci cewa saɓanin namu reshe ne na wata muhawara da manyan masana ke yi. Wani ɓangare yana ɗaukar dunƙule a matsayin tubalin ginin ƙasa, kuma yana auna ƙarfinsa ta hanyar tankaɗe shi cikin ruwa, dabarar da Yoder ya bayyana a 1936. Tisdall da Oades sun ƙarfafa wannan ra'ayi a 1982, inda suka nuna yadda saiwoyi da zaren naman gwari ke ɗaure ƙananan dunƙule su zama manya. Ɗaya ɓangaren yana cewa girman dunƙulen da mutum ya samu ya dogara ne da ƙarfin da ya sa wajen fasa hogen, don haka abin dubawa shi ne ƙofofin da ruwa da iska da saiwa ke bi, waɗanda ake ɗaukar hotonsu da na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin abu, ba tare da an fasa ƙasar ba.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi gamsar da ni, domin na ga yadda yatsuna ke sauya sakamako. Sai dai na'urar tana da tsada, kuma ɗan guntun samfuri take iya dubawa, alhali manomi yana tambaya ne game da gona sukutum. Saboda haka yanzu ba na rubuta siffar dunƙule sai na haɗa da danshin ƙasar a lokacin, da yadda na fasa hogen. Nakan kuma kafa zoben ƙarfe a gefen ramin in auna saurin shigar ruwa, musamman inda saman ƙasar ya yi ɓawo bayan ruwan sama mai ƙarfi.