Daga ganyen dabino zuwa toka: yadda nake yi da yaran ajinmu

Yaro bai cika riƙe abin da aka faɗa masa kan lokutan Ikilisiya ba, amma abin da hannunsa ya taɓa yana zama. Shi ya sa a ajin katikizim (darasin addinin Katolika) da nake koyarwa a nan Sakkwato na ɗaure Lahadin Dabino da Larabar Toka da igiya ɗaya. Lahadin Dabino na zuwa mako ɗaya kafin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu; Larabar Toka kuwa ita ce ranar da muke fara azumi kafin Ista, ake shafa mana toka a goshi.

Ranar Lahadin Dabino, bayan mun karanta Yohanna 12:13, inda jama'a suka tarbi Yesu da ganyen dabino, nakan ba kowane yaro zare biyu na ganye, faɗin yatsa, tsawon kamu biyu, ya saƙa gicciye. Ganyen kwakwar manja daga kudu ake kawo shi, kafin ya iso ya yi yaushi, don haka na dabino ko kaba ya fi mana. A yanko da asuba, a nannaɗe a jiƙaƙƙen buhu. Zafin Maris da Afrilu a garin nan yana wuce digiri 40, ganyen da ya wuni a rana tsagewa yake yi wajen lanƙwasa, yaro ya fashe da kuka.

Kowa ya kai nasa gida ya rataye a ƙusa, nesa da bangon ƙasa saboda gara. Kada a sa a leda, fumfuna yake yi da damina.

Shekara ta zagayo, ranar Talata kafin Larabar Toka, sai su dawo da shi. Nan ne aikin yake. Muna ƙonawa a tsaftataccen kasko, a lungun da iska ba ta kaɗawa, don sauran hunturu kan kwashe tokar. Ba kananzir, ba itace, ba takarda. Tokar itace in ta haɗu da ruwa kaifi take yi, irin ruwan tokar da ake sa wa miya, kuma tana iya ƙona goshin yaro. Idan ta huce, manyan yara su daka, su tace da rariya sau biyu. Cikin gwangwanin madara ya ishi jama'a da yawa. Albarkatawa kuma aikin Fada ne, wato limamin cocinmu, wannan nakan nanata musu.

Washegari idan aka shafa musu ana cewa turɓaya ce su, ga turɓaya za su koma, kamar yadda yake a Farawa 3:19, sun san inda tokar ta fito.

Tambayar azumi ba ta ƙarewa, musamman a 2025 da Larabar Toka ta faɗo 5 ga Maris, abokan yaran Musulmi na cikin Ramadan. “Malama, mu ma za mu yi?” Dokar Katolika ta ɗora azumi daga shekara 18, barin nama daga 14. Ƙanana nakan ce su bar alewa ranar Juma'a, su tara kuɗin a asusu, a kai wa marar lafiya kafin Ista. Ruwa kuwa su sha, a wannan zafin ban yarda a hana yaro ba.