Yadda ake auna ƙarfin maganadisun duniya na zamanin dā daga duwatsun aman wuta

Narkakken dutse idan ya kwararo ya fara hucewa, ƙwayoyin magnetayit (wani ma'adinin ƙarfe) da ke cikinsa kan ɗauki maganadisun duniya na lokacin da zarar zafin ya sauko ƙasa da digiri 580 na Selsiyos. Gano alkiblar ba ta da wuya. Ƙarfin ne ke ba masu bincike ciwon kai, don sai an sake gasa dutsen a ɗakin gwaji, gashin kuma shi ke ɓata abin da ake son aunawa.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Émile da Odette Thellier ta 1959, wadda Robert Coe ya yi wa gyara a 1967. Ana haƙo ɗan gunduwa mai faɗin santimita 2.5, a sa shi a tanda da aka kare daga maganadisun waje. A kowane mataki sau biyu ake gasawa. Na farko a bar shi ya huce babu maganadisu ko kaɗan, a auna abin da ya rage na asali. Na biyu a mayar da shi zafi ɗaya, amma ya huce a cikin maganadisun da aka sani, a ce mikrotesla 30 (ma'aunin ƙarfin maganadisu ne), a auna abin da ya ɗauka. Ana farawa da tsallen digiri 50, daga 500 zuwa sama kuwa sai a rage zuwa 10 ko 20, don a nan yawancin maganadisun ke zubewa. Abin da ya ɓace da abin da aka samu sai a zana su ɗigo-ɗigo a jadawalin da ake kira na Arai. Idan ɗigon sun jeru a layi, gangaren layin sau ƙarfin maganadisun tandar shi ne ƙarfin maganadisun duniya a ranar da dutsen ya daskare. A yau ƙarfin yana tsakanin mikrotesla 25 zuwa 65, ya danganta da wuri.

Miƙewar layi kaɗai ba hujja ba ce. Gashi a cikin iska yana sa titanomagnetayit (magnetayit mai haɗe da ƙarfen titaniyam) ya sha iskar oksijin ya sauya, sababbin ƙwayoyi su fito su ɗauki maganadisu fiye da kima. Shi ya sa bayan kowane mataki biyu ake komawa zafin baya a maimaita. In sakamakon ya kauce da kusan kashi 10 cikin 100, samfurin ya tashi aiki. Gashi a cikin iskar argon, wadda ba ta haɗuwa da ma'adinan, yana rage matsalar, bai kawar da ita ba.

Girman ƙwaya ma babbar magana ce. Ka'idar Louis Néel, wadda hanyar ta dogara da ita, ta tsaya ne a kan ƙananan ƙwayoyi masu yanki ɗaya na maganadisu. Manya sukan lanƙwasa layin, wanda ya ɗauki ɓangaren ƙaramin zafi kawai sai ya samu adadi mai yawa na ƙarya. Don haka gwanaye ke guje wa tsakiyar kwararar da ta yi watanni tana hucewa, su nemi ɓawon sama mai kamar gilashi wanda ya daskare nan take. Saurin hucewarsa ma ya fi kusa da na tanda.

Kwararar dutsen aman wuta na Kilauea ta 1960 a Hawai ta nuna girman lamarin: an san ƙarfin wurin kusan mikrotesla 36 ne, amma samfura da dama sun ba da fiye da haka sosai.