Rumbun da ya ƙi cika

Hutun bara na ɗora wa kaina aikin saka rumbu irin namu na Maradi cikin wasan kwamfuta na gine-gine mai suna Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin a sauya masa suna a 2024. Wasan kyauta ne, tsohuwar kwamfutata ma tana jansa, kuma duk ƙarin da mutum zai yi masa da yaren kwamfuta mai suna Lua ake rubutawa. Burina ɗan wasa ya zuba hatsi, rumbu ya ƙirga damma.

A manhajar rubutu ta VS Code nake rubutu, na sa mata wani ƙari mai suna lua-language-server don ya riƙa duba mini kurakurai. Sai ga zane ƙarƙashin kowace kalmar "minetest", wai bai san ta ba. Gaskiyarsa ne, wasan ne ke kawo sunan idan ya tashi, manhajar rubutu ba ta da labari. Ni kuwa haushi ya kama ni, na kashe gargaɗin ɗungurungum. Allo ya yi fes, na ji daɗi.

Kwana uku rumbu bai ƙirga ko zangarniya ba. Wasa bai faɗi ba, bai yi ƙorafi a allo ba, shiru kawai. Na zargi kwamfuta, na zargi kuran da ake ɗaukewa, har na fara zargin Lua kanta.

Wani yayana a fadarmu, mai gyaran waya a kasuwa, ya karɓa yana kurɓar shayi. Ya mayar da gargaɗin, ya buɗe fayil ɗin saiti .luarc.json ya rubuta "minetest" da "core", ɗayan sunan da wasan ke kawowa, kaɗai cikin sunayen da aka yarda da su. Zane ya ɓace ko'ina sai wuri ɗaya. A sama na rubuta yawan_hatsi, a ƙasa yawan_hasti.

Halin Lua ke nan. Ka kira sunan da babu, ba za ta tsawata maka ba, sai ta miƙo maka nil, wato wayam, sharaɗin da na gina a kai kuma ya wuce salin-alin. Abin da ya fi ba ni kunya, wasan ya rubuta gargaɗin cikin debug.txt, fayil ɗin da yake ajiye rahotonsa, tun ranar farko, ban taɓa leƙawa ba.

Ya ce, "Ƙane, kare ya dame ka da haushi ka ɗaure masa baki, yanzu kana tambayar ta ina ɓarawo ya shigo?"

Na gyara haruffa biyu, dami ya shiga rumbu. Ni na sayi sukarin shayin daren nan.