Abin da MK-801 ya koya mini game da ƙarfin magani

Cikin sinadaran da muke aiki da su a ɗakin gwaje-gwaje, babu wanda ya sauya mini tunani kamar MK-801, wanda ake kira dizocilpine. Masu bincike na kamfanin Merck ne suka samar da shi. Aikinsa toshe ƙofar NMDA, wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wadda sinadarin glutamate ke buɗewa idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa za su isar wa juna saƙo. Sai ƙofar ta buɗe yake kutsawa ciki ya maƙale, kuma ba ya fita da wuri. Shi ya sa malaminmu yakan ce mana: "Ku tayar da ƙwayar ƙwaƙwalwar tukuna, in ba haka ba kun zuba shi a banza."

An ɗora wa MK-801 buri sosai. Idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, kamar a ciwon shanyewar ɓarin jiki, glutamate kan yi ambaliya, kalsiyam ya kwarara ta wannan ƙofa har ƙwayoyin su mutu. A jikin ɓeraye, MK-801 ya rage wannan ɓarna. Amma a 1989 wani mai bincike, John Olney, ya nuna cewa shi kansa sinadarin yana lalata wasu ƙwayoyin a ƙwaƙwalwar ɓera. Ga kuma wata matsalar: ƙofar da ake son rufewa, da ita ake koyo. Tun 1986 wani mai binciken, Richard Morris, ya ba ɓeraye AP5, wani sinadari mai hana ƙofar buɗewa, suka kasa riƙe inda aka ɓoye musu dandamali a cikin kwamin ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani magani mai suna memantine. Wuri ɗaya yake zama da MK-801, sai dai riƙonsa sako-sako ne, yana shiga yana fita, saƙon yau da kullum na samun hanya. Shi memantine Amurka ta amince da shi a 2003 don cutar mantuwa ta Alzheimer, ko da yake amfaninsa ba wani mai yawa ba ne. Tun daga nan, idan na ga takardar bincike tana kuranta sinadari don tsananin riƙonsa, abin da nake fara dubawa shi ne saurin sakinsa.

MK-801 bai zama maganin asibiti ba. Yanzu ɓeraye ake ba shi da gangan, don su nuna alamu masu kama da na ciwon taɓin hankali na sikizofireniya, a gwada wasu magungunan a kansu.