Boilarmu ta tsaya a tsakiyar Janairu

Asabar da asuba na tashi alwala, na murɗa famfo, ruwa kamar ƙanƙara. Boilarmu, na'urar da ke ɗumama mana gida da ruwa, ta tsaya cak, ga sanyin Manchester. Daren nan yara da rigunan sanyi da safa suka kwana, autarmu sai tari take.

Mai gyara, mai rajistar Gas Safe (rajistar masu izinin aikin gas a Birtaniya), ya ce injin da ke tura ruwan zafi ne ya ƙone. Na ɗauko takardar garanti hankalina kwance, shekara 5 aka rubuta. Kamfanin suka nemi shaidar sabis na kowace shekara. Bara ban yi ba, wallahi mantawa na yi. Shi ke nan, garanti ya tashi.

Fam 320 na biya, kuɗin da na ware wa Hajiya a Kano. Har yanzu abin yana cin raina.