Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan rashin lafiyar yaronmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na nan Ailan da na gida. Alhamdu lillahi, likita ya sallami babban yaronmu, ya kuma ba shi izinin komawa fili. Saƙonni sun yi mana yawa har ba mu iya amsa kowanne ba, shi ya sa ni da mahaifiyarsa muka ga gara mu yi godiya a fili, mu kuma faɗi yadda abin ya faru, domin wasu sun ji cewa faɗuwa ya yi ana cikin wasa. Bai faɗi ba. Allah ne Ya sa aka gano matsalar kafin a kai ga haka.

Yaron ɗan wasan hurling ne tun yana firamare a nan gundumar Tipperary. Ga na gida da ba su san wasan ba: mutum 15 ne kowane ɓangare, kowa da sandarsa mai faɗin kai, suna bin wata 'yar ƙwallo mai tauri. In ta shiga raga maki uku, in ta bi ta saman ƙarfen raga maki ɗaya. Ba a biyan kowa albashi, har waɗanda ke cika filin Croke Park a Dublin da 'yan kallo sama da 80,000, kuma kowa ƙungiyar garinsu yake yi wa wasa. A garin Thurles da ke kusa da mu aka kafa hukumar wasannin, GAA, a 1884, don haka a nan yaron da ba ya yawo da sanda shi ne baƙo. Ni dai tsorona kullum a kan haƙora da yatsu yake. Hular kwano mai shingen fuska ta zama dole ga kowa tun 2010, amma yatsu ba su da mai ceto. Zuciya kuwa ko a mafarki ban taɓa kawo ta ba, yaron da ke gudu awa guda ya dawo yana neman tuwo.

Ƙungiyarsu ce ta turo takarda cewa za a zo yi wa matasa gwajin zuciya a ƙarƙashin Gidauniyar Dillon Quirke, wadda iyalan wani ɗan wasan hurling da ya rasu suka kafa da sunansa. Aka liƙa masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyar a takarda, ya sa rigarsa muka tafi. Bayan ɗan lokaci aka kira mu. Likitan zuciya ya ce an haife shi da wata ƙarin hanyar lantarki a cikin zuciya, lalurar da suke kira Wolff-Parkinson-White, wadda kan sa zuciya ta dinga bugu da mugun sauri, a wasu mutane ƙalilan ma ta tsaya. Sai a lokacin yaron ya ce ai yakan ji ƙirjinsa na dakan uku-uku bayan atisaye, ya ɗauka gajiya ce. A wani asibiti a Dublin aka zura siririn bututu ta jijiyar cinyarsa har zuciya, aka ƙone wurin. Ba a tsaga shi ba, ɗan tabon ma sai ka duba da kyau.

Godiyata ta farko bayan Allah tana wurin mutanen da ban taɓa zama da su ba, iyayen Dillon Quirke da 'yan'uwansa mata. Dillon ɗan ƙungiyar Clonoulty-Rossmore ne. Ya ci kofin ƙasa na matasa da Tipperary a 2016, ya ci na 'yan ƙasa da shekara 21 a 2018, a shekarar kuma ƙungiyar garinsu ta ɗauki kofin gunduma. Ya kai har babbar tawagar Tipperary. Ranar 5 ga Agustan 2022, yana kyaftin ɗin garinsu a karawa da Kilruane MacDonaghs a filin Semple na Thurles, ya faɗi, rai ya yi halinsa. Shekararsa 24. Da Tipperary ta doke Cork ta ɗauki kofin ƙasa na manya, wato kofin Liam MacCarthy, a 2025, kyaftin Ronan Maher bai sauka daga dandamali ba sai da ya ambaci Dillon, kuma kocin, Liam Cahill, shi ne dai ya horar da Dillon a waɗancan kofuna biyu. Mutanen da aka yi wa irin wannan rashi, da sun rufe ƙofa sun ce ba su ba hurling har abada, ba mai ganin laifinsu. Sai suka tashi suna tara kuɗi don a duba zukatan 'ya'yan wasu, ba tare da tambayar ɗan waye ko daga ina ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya saka musu da alheri.

Sai kocin yaran, wanda ma'aikacin gona ne da rana. Duk tsawon lokacin da aka hana yaron gudu bai bar shi ya zauna a gida yana tunani ba. Ya ba shi aikin riƙe sandunan canji da rubuta maki a bakin fili. Abokan wasansa sun sa hannu a kan sabuwar sanda suka kai masa asibiti. Iyayensu mata kuwa suka yi ta sallama da kwanukan abinci, ɗaya daga cikinsu sai da ta tuƙa mota zuwa wani gari ta sayo naman halal don kada ta kawo abin da ba za mu ci ba. Maƙwabciyarmu ta riƙe mana ƙannensa daren da muka kwana a Dublin. Likitoci da nas-nas, ba mu da bakin gode muku.

Jama'ar masallacinmu, kun yi addu'a, kun yi zirga-zirga, wani ya ba mu aron motarsa ba mu roƙa ba. 'Yan'uwa na Katsina da suka yi saukar Alƙur'ani, Allah Ya bar zumunci. Hajiya kakarsa, da tun farko take cewa wannan ba wasa ba ne faɗan sanda ne, ita ce yanzu take kira tana tambaya yaushe mijin nata zai koma fili. Hajiya, mun gode, ya fara atisaye.

Iyaye 'yan'uwana da ke nan, in takardar gwajin nan ta zo daga ƙungiyar yaranku, ku sa hannu. In ba ta zo ba, ku tambayi shugabannin ƙungiyar. Na san halinmu, yaro in yana ci yana gudu sai mu ce lafiyarsa ƙalau.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu yi 'yar walima a gida, kowa ya zo. Mun gayyaci yaran ƙungiyar da kocinsu, don haka masu kawo yaji a sassauta hannu.