Daga Kanti Zuwa Majalisa: Tarihin Muhammad Sarwar (Kashi na 3)

Masu bibiyarmu, a makon jiya mun tsaya ne a watan Maris na 1999, lokacin da kotu a Edinburgh, babban birnin Sikotlan, ta wanke Sarwar daga zargin ba da cin hanci a zaɓen 1997, zaɓen da ya kayar da Nicola Sturgeon, wadda daga baya ta shugabanci gwamnatin Sikotlan, a mazaɓar Govan da ke birnin Glasgow, ya zama Musulmi na farko a majalisar dokokin Birtaniya. Jam'iyyar Leba ta janye dakatarwar da ta yi masa, ya koma bakin aiki.

Jarrabawar da ta fi wannan nauyi ta zo ne a 2004. Ranar 15 ga Maris, wasu samari 'yan asalin Pakistan suka sace wani yaro Bature mai shekara 15, Kriss Donald, a unguwar Pollokshields da ke Glasgow, suka yi masa kisan gilla. Yaron bai san hawa ba, bai san sauka ba. Launin fatarsa kawai suka duba. Uku daga cikinsu suka tsere Pakistan, suna ganin sun sha, domin babu yarjejeniyar miƙa masu laifi tsakanin ƙasashen biyu.

Pollokshields ba baƙuwar unguwa ba ce ga Sarwar. Nan ya fara cin kujerar kansila a 1992, kuma da yawa daga masu kantunan yankin a shagon sarinsa, wanda ya kafa da ɗan'uwansa a 1982, suke ɗaukar kaya. Wato mutanensa ne, kuma da ya kawar da kai ya ce aikin 'yan sanda ne, ba mai kama shi da laifi. Bai yi haka ba. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Pakistan yana ganawa da mahukunta, har da Shugaba Pervez Musharraf, yana amfani da sanayyar da yake da ita a ƙasar haihuwarsa. A 2005 aka kama mutanen uku aka mayar da su Sikotlan, a Nuwamban 2006 kotu ta yanke musu ɗaurin rai da rai.

A ganina, duk tsawon zamansa a majalisa babu aikin da ya kai wannan. Ya san masu ƙyamar baƙi sun ɗana tarko suna jiran a ce Musulmi sun ɓoye masu kisa, kuma ya san jinin yaron nan haƙƙi ne, ko ɗan wane ne ya zubar da shi.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Aka shiga yi masa barazanar kisa, shi da 'ya'yansa, har da jikoki. A watan Yuni na 2007 ya sanar cewa ba zai sake tsayawa takara ba. Da zaɓen 2010 ya zo, ɗansa Anas ne ya gaji kujerar Glasgow ta Tsakiya, mazaɓar da uban yake wakilta a lokacin.

Mutane da dama sun ɗauka dattijon ya yi sallama da siyasa ke nan, zai koma kan dukiyarsa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ga yadda ya ajiye takardar zama ɗan Birtaniya a 2013 domin ya zama gwamnan lardin Punjab na Pakistan, da abin da ya sa ya yi murabus a Janairun 2015 ya koma jam'iyyar Imran Khan, wanda daga baya ya zama firaministan Pakistan.